A Kashe Zafin Hannu, A Bar Mai Hannu A Farke

Likitocin ƙashi na Asibitin Dala da ke Kano, wanda aka buɗe tun 1959, da takwarorinsu na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, sun san wani labari da ya sha maimaituwa a gabansu har sun haddace shi. Yaro ne zai faɗo daga kan mangwaro ko daga bayan jaki, hannunsa ya karye daidai saman gwiwar hannu. A kai shi wurin maɗori, a jera masa karare, a ɗaure tamau. Da dare ya hana kowa barci da kuka, manya su ce ai ɗori ya gaji haka. Bayan kwana biyu yatsu su kumbura su yi sanyi, kukan ya ragu, mutanen gida su ce sauƙi ya samu, alhali kuwa hannun ne ya mutu. Ba za a nufi asibiti ba sai fata ta yi baƙi, wari ya cika ɗaki, zazzaɓi ya rufe yaron.

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne. Gaɓar da ta karye takan kumbura, in kuwa an ɗaure ta da abin da ba ya saki, kumburin sai ya matse hanyoyin jini daga ciki. Tsokar da ta yi kamar awa shida ba jini ta fara mutuwa ke nan. Tun 1881 wani likitan Jamus, Richard von Volkmann, ya bayyana yadda ɗaurin da ya yi tsanani ke lalata hannu. Binciken da likitocin Zariya suka wallafa cikin shekarun 1990 ya nuna ruɓewar gaɓa bayan ɗorin gargajiya tana cikin manyan dalilan da ke sa a yanke wa yara hannu ko ƙafa a wannan yanki. Ga manya kuma akwai haɗarin mota da na babur, da injin niƙa, da ƙunar wutar lantarki, da harbin bindiga, da saran maciji, da ciwon daji.

In abu ya kai haka, likitan fiɗa ba shi da zaɓi sai ya raba mutum da hannunsa domin ya tsirar da ransa. Amma kafin wuƙa ta taɓa fata akwai tambayar da wani likita daban zai amsa, watau likitan da aikinsa shi ne kashe zafi: ta yaya za a yi wannan babban aiki ba tare da majinyaci ya ji azaba ba, ba kuma tare da maganin kashe azabar ya zama ajalinsa ba?

Abin Da Ya Sa Barci Ke Da Haɗari

Yawancin mutane in an ce tiyata, abin da ke zuwa musu a rai shi ne allurar barci. Lalle sa barci babbar ni'ima ce, amma ba barci ba ne irin na kan gado. Magungunan da ke gusar da hankali sukan raunana numfashi, su saukar da ƙarfin bugun jini, su kuma kashe tarin da ke hana amai shiga huhu. Saboda haka sau da yawa sai an zura wa majinyaci bututu a maƙogwaro, a riƙa hura masa iskar oksijin da na'ura ko da hannu har a gama.

To, a dubi wanda aka kawo da ruɓaɓɓen hannu. Dafin ruɓar ya shiga jininsa, jinin ya yi ƙaranci, jikinsa ya bushe don rashin ci da sha, ƙodarsa ta fara gajiya. Ko kuwa a dubi wanda injin niƙa ya taune wa hannu bayan ya ci tuwo ya ƙoshi, ga shi ya zubar da jini mai yawa a hanya. Irin waɗannan su ne allurar barci ta fi yi wa barazana. In kuma asibitin na ƙaramar hukuma ne, inda tukunyar oksijin takan ƙare, wuta takan ɗauke ana tsakiyar aiki, haɗarin sai ya ninka. Maganin nan ketamin, wanda aka fara amfani da shi sosai daga 1970, ya taimaki asibitocin Afirka ƙwarai, domin ba ya danne numfashi kamar sauran. Duk da haka yakan sa yawan miyau da mugayen mafarkai, kuma da ya sake mutum zafin yankan ya dawo.

Akwai wata hanya. Maimakon a sumar da mutum ɗungurungum, sai a sumar da hannun kaɗai, a bar mai hannun yana numfashi da kansa.

Yadda Zafi Ke Tafiya

Hausa takan kira abubuwa da dama jijiya. Akwai jijiyar jini, akwai kuma wata farar jijiya mai kama da zare wadda ba jini take ɗauka ba, saƙo take kaiwa. Duk wanda ya taɓa buge gwiwar hannunsa a jikin ƙofa ya ji wani zirr ya tafi har ƙaramin yatsa, kamar ya taɓa minjirya, to ya san irin wannan jijiya. Zafi ba a hannu ake jin sa ba, a ƙwaƙwalwa ake ji. Hannu aikawa yake yi, jijiya ta kai saƙon laka, laka ta miƙa shi sama. In an tare saƙon a hanya, ko da an yanka hannun ƙwaƙwalwa ba ta da labari.

Saƙon da kansa wata 'yar wutar lantarki ce, wadda ke samuwa sa'ad da sinadarin sodiyam, irin wanda ke cikin gishiri, ya kutsa cikin jijiya ta wasu ƙananan ƙofofi. Maganin kashe zafi waɗannan ƙofofi yake toshewa na ɗan lokaci. Da jini ya kwashe shi, ƙofofin su buɗe, ji ya dawo.

Hikimar halitta ta sauƙaƙa wa likita aikinsa a hannu. Kusan duk jijiyoyin saƙo na hannu daga saiwoyi biyar suka fito, huɗu daga ƙasusuwan wuya na ƙasa, ɗaya daga ƙashin baya na farko a ƙirji. Saiwoyin nan sukan haɗu su zama igiyoyi uku a gefen wuya, su bi ta ƙarƙashin ƙashin nan da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa, su sake rarrabuwa su sake haɗuwa kamar saƙar tabarma, sa'an nan su fito a hammata a matsayin manyan jijiyoyi biyar waɗanda suka raba hannu tsakaninsu. Wannan ita ce saƙar jijiyoyin hannu. Tun da duk saƙonni ta mashiga ɗaya suke bi, allura ɗaya da aka yi a inda ya dace tana iya rufe hannu tun daga damtse har farce.

Wannan ya warware wata matsala kuma. Naman da ya ruɓe ko ya yi mugunya yana da tsami, maganin kashe zafi kuwa ba ya aiki sosai a wuri mai tsami. Allurar da aka yi a bakin miki ba za ta wadatar ba. Amma in an koma can sama inda nama ke da lafiya aka tare jijiya, magani zai ci.

Daga Ɗauri Zuwa Allura

Yanke gaɓa tsohon aiki ne. Abul Ƙasim az-Zahrawi, babban likitan Ƙurɗuba a Andalus wanda ya rasu wajen 1013, ya bayyana a littafinsa At-Tasrif yadda ake yanke gaɓar da ta ruɓe tun ruɓar ba ta hau sama ba. Amma shi da waɗanda suka biyo bayansa ƙarnuka da dama ba su da abin da ya fi ƙarti masu danne majinyaci, da ɗan abin sa maye, da saurin hannu. A 1784 wani likita a Landan, James Moore, ya ƙera wani maƙalin ƙarfe mai danne jijiya har gaɓa ta sage kafin a yanka. Tunaninsa daidai ne, sai dai dannewar kanta azaba ce.

Ranar 16 ga Oktoba 1846 aka nuna wa duniya sa barci da iskar ita a birnin Boston na Amurka. Cikin Disamba na wannan shekara Robert Liston ya yanke ƙafar wani mutum a Landan da wannan iska, aikin bai kai minti ɗaya ba. Sai dai ba a daɗe ba aka gane barcin da kansa yakan kashe.

Hanya ta biyu ta buɗe a 1884, sa'ad da wani saurayin likita a Biyana, Carl Koller, ya ɗiga ruwan koken a ido ya ga ana iya yi wa ido aiki mai shi yana farke. Koken ɗin nan shi ne abin da yanzu ake kira hodar iblis. Kafin shekara ta zagayo William Halsted ya fara yi wa jijiyoyi allurarsa a birnin Niyok, har ya buɗe wuya ya shafa shi a kan saiwoyin saƙar jijiyoyin hannu. Halsted da abokan aikinsa a jikinsu suka yi ta gwaji, maganin kuwa ya kama su, shi kansa bai rabu da wahalar jaraba ba har ƙarshen ransa. A 1897 George Crile na Cleveland ya bi wannan hanya ta buɗe jijiya a yi mata allura ido na gani, yana mai cewa tare saƙon zafi yakan rage girgizar da jiki ke yi a manyan ayyukan yanke gaɓa.

Abu biyu suka rage: magani marar jaraba, da hanyar kai shi ba tare da an tsaga wuya ba. Jamusawa suka kawo duka biyun. Heinrich Braun ya nuna a 1903 cewa in an gauraya maganin da adirenalin hanyoyin jini sukan tsuke, magani ya daɗe a wurin, dafinsa ya ragu. Alfred Einhorn na Munik ya haɗa noboken, aka fara aiki da shi a 1905. A 1911 kuma Georg Hirschel na Heidelberg ya kai magani ga saƙar ta hammata da allura kawai, Diedrich Kulenkampff na Zwickau kuma ya kai ta saman ƙashin gindin wuya, bayan ya fara gwadawa a wuyansa. Lidoken, wanda har yanzu shi ne ruwan dare a asibitoci, Nils Löfgren da Bengt Lundqvist suka haɗa shi a Stockholm ta ƙasar Siwidin a 1943. Bufibaken mai daɗewa ya shiga asibitoci cikin shekarun 1960.

Ƙofofi Huɗu

Inda za a yanke shi ke nuna inda za a yi allura, domin ana iya cim ma saƙar ta wurare huɗu.

Ƙofa ta farko a gefen wuya take, tsakanin wasu tsokoki biyu, kuma Alon Winnie na Shikago ne ya daidaita ta a 1970. Ita ce ta aikin kafaɗa da saman damtse. Aibinta biyu ne. Sau da yawa takan tsallake ɓangaren ƙaramin yatsa, kuma kusan kullum maganin yakan taɓa jijiyar da ke motsa tantanin numfashi na wannan gefen, watau shimfiɗaɗɗiyar tsokar da ta raba ƙirji da ciki. Mai lafiyar huhu ba zai damu ba, amma mai asma mai tsanani ko wanda tarin fuka ya cinye wa huhu yana iya shiga wahala. Ba a yin ta gefe biyu a lokaci guda.

Ta biyu tana saman ƙashin gindin wuya, inda igiyoyin uku suka matsu wuri ɗaya kamar damin kara. Nan magani ya fi saurin ci, ya fi kuma game hannu, shi ya sa ta dace da yanka a damtse ko gwiwar hannu ko sangali. Amma ƙoƙon huhu yana nan kusa, allurar da ta zarce tana iya huda shi iska ta taru a ƙirji.

Ta uku tana ƙasan wannan ƙashi, ta gaban kafaɗa. Jijiyoyin sun yi zurfi a nan, amma wurin ya dace da barin siririn bututu don ƙara magani daga baya.

Ta huɗu ita ce hammata, wadda ta fi nisa da huhu, ta fi kuma sauƙin koyo. Ta wadatar ga tafin hannu da wuyan hannu da sangali, in an tuna da wata jijiya guda da takan rabu da 'yan uwanta tun sama, a bi ta da allura daban. Sai dai mai ruɓaɓɓen hannu sau da yawa kaluluwa ta cika masa hammata, ba a kuwa soka allura ta cikin wurin da ƙwayoyin cuta suka kama. Dole a hau sama.

Akwai wani ɗan yanki na fata a cikin damtse, wajen hammata, wanda jijiyarsa daga haƙarƙari ta fito, ba ta bi ta saƙar ba. In yankan zai kai nan, ko za a ɗaura abin tsayar da jini a damtse, sai a yi masa 'yar allura ta ƙarƙashin fata. In kuwa hannu za a cire tun daga kafaɗa, yawanci akan haɗa allurar jijiya da barci.

Yadda Ake Nemo Jijiya

Wuyar aikin ita ce jijiya ba ta fi kaurin igiyar takalmi ba, ga ta kwance jikin babbar hanyar jini, ga fata ta rufe. Likitocin farko da yatsa suke lalube, su soka allura a hankali har majinyaci ya ce ya ji zirr a yatsunsa. Daga 1962 aka sami wata ƙaramar na'ura mai aika 'yar wutar lantarki ta bakin allura, in allura ta kusanci jijiya sai a ga yatsu ko damtse suna motsi da kansu.

Babban sauyi daga Afirka ya faro. A 1978 wasu likitoci a Afirka ta Kudu suka ba da rahoton amfani da na'urar sauti mai gano gudun jini don su san inda babbar hanyar jini take kafin su soka allura a saman ƙashin gindin wuya. A 1994 Stephan Kapral da abokan aikinsa a Biyana suka nuna ana iya kallon allura da jijiya da bazuwar magani a allon na'urar nan da mata suka sani wajen hoton ciki. Da ita likita yana ganin huhu ya kauce masa, yana kuma iya rage magani daga mililita 30 ko 40 zuwa wajen 20.

A ɗakin tiyata, kafin a taɓa allurar jijiya sai an sa wa majinyaci ƙarin ruwa, an maƙala masa abin auna oksijin a yatsan hannu mai lafiya, an ɗaura abin auna bugun jini, an kuma tanadi duk kayan sa barci a kusa ko da allurar za ta ƙi ci. Bayan an yi ta akan jira minti 15 zuwa 30. Hannu zai yi ɗumi, ya yi nauyi, har mai shi ya kasa ɗaga shi. Likita zai gwada kowane sashe da auduga mai sanyi ko tsinin allura, ba a ba likitan fiɗa izini sai an tabbata ko'ina ya mutu. Lidoken mai adirenalin yakan riƙe awa biyu zuwa huɗu, bufibaken kuwa yakan kai rabin yini ko fiye.

Ba A Rasa Haɗari

Kada mai karatu ya ɗauka allurar jijiya wasa ce. Maganin da ke toshe ƙofofin sodiyam a jijiyar hannu zai toshe na ƙwaƙwalwa da na zuciya in ya shiga jini da yawa. Alamun farko su ne leɓe da harshe su sage, baki ya yi ɗanɗanon ƙarfe, kunne ya yi ƙara. Daga nan sai jijjiga irin ta farfaɗiya, daga ita sai zuciya ta tsaya. A 1979 wani likitan Amurka, George Albright, ya ja hankalin duniya ga mace-macen da bufibaken ya jawo ta wannan hanya.

Saboda haka akan auna magani da nauyin mutum. Lidoken mai adirenalin ba a wuce miligiram 7 ga kowane kilo, bufibaken kuwa wajen miligiram 2. Majinyacin da ciwo ya ramar har ya koma kilo 50 ba zai ɗauki abin da ƙato mai kilo 90 zai ɗauka ba. Likita kuma yakan ja sirinji baya ya duba ko jini zai fito, ya tura kaɗan, ya tsaya, ya yi wa majinyaci magana, sa'an nan ya ƙara. A 1998 Guy Weinberg na Shikago ya gano cewa farin ruwan kitsen da ake ciyar da marasa lafiya da shi ta jijiya yana iya karya wannan dafi, a 2006 kuma aka ba da rahoton mutum na farko da aka ceto da shi. Yanzu ƙa'ida ce a ajiye shi a inda ake irin wannan allura.

Wanda jininsa ba ya daskarewa shi ma sai an yi hattara da shi. Dafin kububuwa, macijin da ya addabi manoman Kaltungo da kewayenta a Jihar Gombe, yakan hana jini daskarewa, don haka ba a soka allura kusa da babbar hanyar jini sai maganin dafin ya gyara jinin tukuna. Allurar kanta tana iya raunana jijiya, ko da yake yawancin irin wannan rauni yakan warke cikin makonni ko watanni.

Zuciyar Majinyaci

Jijiya ta mutu ba ya nufin kunne ya toshe. Mutumin da ke kwance a farke zai ji ƙarar zarto, ya kuma san abin da ake yi. Shi ya sa akan kafa labule tsakanin fuskarsa da hannun, a ba shi ɗan abin kwantar da hankali wanda zai sa shi gyangyaɗi ba tare da ya danne numfashinsa ba, wani ma'aikaci ya zauna wajen kansa yana yi masa magana da harshen da yake ji. Wani ya fi so a bar shi da tasbihinsa. Wanda kuma ya ce sam ba zai iya ba, ba a tilasta masa.

Yaro kuwa, irin wanda aka fara wannan bayani da shi, ba zai kwanta shiru a soka masa allura a wuya ba. Akan sa shi barci tukuna, sa'an nan a yi allurar jijiya. Ribar ita ce barcin ba sai ya yi nauyi ba, kuma in ya farka ba zai farka cikin ihu ba.

Kafin duk wannan akwai shawarar dangi. Likitocin arewacin Nijeriya sun sha ganin iyalin da suka ji kalmar yankewa suka ɗauke majinyacinsu suka koma gida, ba su dawo ba sai ruɓar ta kai kafaɗa. Wani abin da ke firgita su shi ne tsoron kada a sa shi barcin da ba zai tashi ba. In an yi musu bayani cewa zai riƙa numfashi da kansa, kuma za a ba su gaɓar su naɗe su binne yadda Musulmi suka saba, sau da yawa zuciya takan sauko.

Hannun Da Babu Amma Yana Ciwo

Kwanakin farko bayan yanka su ne mafi zafi. A nan allurar jijiya ta yi wa barci fintinkau, domin tana ci gaba da aiki bayan an fito daga ɗakin tiyata. In an bar siririn bututu kusa da jijiya, ko likitan fiɗa ya ajiye shi a jikin jijiyar da ya yanke, ana iya ɗiga magani kwana biyu ko uku ko fiye. Wannan yakan rage bukatar mofin da danginsa, waɗanda a asibitoci da yawa na Afirka ta Yamma samunsu ma wuya ne.

Akwai kuma wani abin mamaki. Yawancin waɗanda aka yanke wa gaɓa sukan ci gaba da jin tana nan, fiye da rabinsu kuma sukan ji tana ciwo: yatsun da aka binne suna ƙuna, ko farce yana nutsewa cikin tafin da babu shi. Wannan ba hauka ba ne, ba kuma aikin iska ba ne. Likitan sojan Faransa Ambroise Paré ya bayyana shi a ƙarni na 16, Silas Weir Mitchell kuma ya raɗa masa suna fatalwar gaɓa a 1871, bayan ya duba sojojin yaƙin basasar Amurka. Tushensa yana cikin yankakkiyar jijiya da laka da ƙwaƙwalwa, wadda har yanzu tana riƙe da taswirar hannun. An yi fatan kashe jijiya tun kafin yanka zai hana wannan ciwo, amma gwaje-gwajen da aka yi sun saɓa wa juna. Abin da ya tabbata shi ne allurar tana sauƙaƙa zafin kwanakin farko. Don fatalwar kuwa akwai magunguna, akwai kuma dabarar madubi da Vilayanur Ramachandran ya fito da ita a Kalifoniya cikin shekarun 1990, inda mai dungu zai kalli hoton hannunsa mai lafiya a madubi yana motsa shi, ƙwaƙwalwa ta ɗauka ɗayan ne ya saki.

Masu Aikin Sun Yi Kaɗan

Bayan girgizar ƙasar Haiti ta Janairu 2010, sa'ad da asibitoci suka rushe aka koma yanke gaɓoɓi a cikin tantuna, allurar jijiya da ketamin suna cikin abin da likitoci suka dogara da shi, domin ba sa bukatar manyan na'urori. Darasin ya shafi duk inda kayan aiki suka yi ƙaranci. A 2015 kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta mutum biliyan 5 a duniya ba su da halin samun tiyata da kashe zafi masu aminci a kan kuɗin da za su iya biya. Ƙididdigar da Tarayyar Ƙungiyoyin Likitocin Kashe Zafi ta Duniya ta wallafa a 2017 ta nuna Nijeriya da Nijar ba su kai likita ɗaya na wannan fanni ga kowane mutum 100,000 ba, alhali tarayyar tana ganin mafi ƙaranci a sami 5. A asibitoci da yawa ma'aikatan jinya da aka horar ne ke riƙe da aikin. Kwalbar lidoken ba ta da tsada. Abin da ke da tsada shi ne hannun da ya ƙware da idon da ya san alamar haɗari.

Duk da haka, allurar da ta fi kowace kyau ba ta mayar da hannun da ya tafi, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. A Arba Minch ta kudancin Habasha wani likita, Mekonnen Eshete, ya tara maɗora ya koya musu haɗarin ɗauri mai tsanani, rahotonsa na 2005 kuma ya nuna yawan gaɓoɓin da ake yankewa ya ragu. Maɗoran ƙasar Hausa mutane ne da jama'a ta amince da su tun kaka da kakanni, kuma su ne na kusa da mai karaya a ƙauye. Abin da ake bukata su da iyaye su sani kaɗan ne. In bayan ɗori zafi yana ƙaruwa maimakon raguwa, in yaro ya yi ihu da an miƙe masa yatsu, in yatsun sun kumbura ko sun yi sanyi ko sun sauya launi ko sun daina ji, to a kwance ɗaurin nan take, a nufi asibiti a wannan rana, ko da tsakar dare ne.